Firebird ko SQL Server Express? Ga wanda zan ɗora wa kwamfutocinka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya wace manhajar rumbun bayanai za ka koma, Firebird ko SQL Server Express, tunda fayil ɗin Access da ke riƙe bayananka yana ta lalacewa kuma ya kusa cika. Ɗauki Firebird. Na san SQL Server Express ne sunan da kunne ya fi sabawa da shi, kuma tunda manhajarka Visual Basic 6 ce a kan fayil ɗin Access, kowa zai ce maka 'yan gida ɗaya ne, duk na Microsoft, ka zauna a gidan. Amma kwamfutoci biyar ɗin da ka ambata, masu Windows 7 na 32-bit da RAM GB 2, tare da cewar da ka yi bana babu kuɗin sabon inji, su suka yanke hukunci tun kafin a zo ga wanda ya fi wani kyau.

Bugun 2014 shi ne na ƙarshe a SQL Server da ya zo da sigar 32-bit. Daga 2016 zuwa sama duk 64-bit ne, kuma ba sa shiga Windows 7. Ke nan in ka zaɓi Express a kan injinan da ke hannunka, dole ka tsaya a 2014, wanda Microsoft ta daina yi wa gyaran tsaro a watan Yulin 2024. Ka fita daga tsohon abu ka shiga wani tsohon. Yana aiki, ban hana ba. Kyauta ne, yana ɗaukar har GB 10 a rumbu ɗaya, kuma akwai manhajar ƙaura ta Microsoft mai suna SSMA da ke kwashe teburan Access ya zuba masa da sauƙi. Sai dai yana iya lashe kusan rabin RAM ɗin injin da ke da GB 2 kacal, injin da kuma wani ke zaune yana aiki a kansa. Abin da zan iya faɗa a kansa ke nan.

Firebird kuwa na zauna da shi shekaru, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. A 2017 aka damƙa mini wata tsohuwar manhajar lissafin kaya a wani babban ɗakin ajiya da nake yi wa aiki. Kwamfuta bakwai ne, duk sun ga jiya, wanda ya rubuta manhajar kuma ya daɗe da barin wurin. Bayanan suna cikin fayil guda a foldar da aka raba, wayoyin sadarwar kuma an ja su ne ta bayan kwalaye inda kowa ke tuntuɓe da su. Kusan kowane wata sai fayil ɗin ya ƙi buɗuwa. Akwai wani dattijo mai shigar da kaya da ya daina yarda da kwamfuta gaba ɗaya, yana riƙe da littafinsa na hannu a gefe, duk abin da ya buga sai ya sake rubutawa da biro. Na mayar da rumbun kan Firebird 3.0, na ɗora shi a kan injin da ya fi sauran ɗan dama. Bayan kamar wata biyu, ranar da aka fi cunkoso, motoci uku na sauke kaya, wuta ta ɗauke, batirin na'urar riƙe wuta kuma ya riga ya mutu ba mu sani ba. Gabana ya faɗi. Da wuta ta dawo na kunna injin ina addu'a, sai ga manhaja ta buɗe nan take. Muka bi rasit ɗaya bayan ɗaya da littafin dattijon. Guda ɗaya tak ya ɓace, wanda ake tsakiyar bugawa lokacin da wutar ta tafi, kuma ya ɓace ne ɗungurungum, ba rabi ya shiga rabi ya tsaya ba. Kafin ƙarshen shekarar dattijon nan ya ajiye littafinsa a aljihun tebur. Har yau in na tuna sai na ji daɗi.

Ba sa'a ba ce, haka aka gina shi. Asalinsa InterBase ne, wanda Jim Starkey ya ƙirƙira a shekarun 1980, zamanin da ake ƙirga RAM da megabayit 'yan kaɗan. A shekarar 2000 kamfanin Borland ya buɗe rubutun InterBase 6.0 ga jama'a, daga nan Firebird ya samo tushe. Idan ka gyara layi a tebur, ba ya goge tsohon nan take. Yakan rubuta sabon, ya bar tsohon a bayansa, sai an tabbatar da aikin baki ɗaya sannan sabon ya zama shi ne na gaskiya. Shafukan fayil ɗin ma bi da bi yake rubuta su a faifai, ta yadda duk inda aka katse shi, abin da ke ƙasa a tsaye yake. Shi ya sa mai karanta rahoto ba ya tare wa mai shigar da kaya hanya, shi ya sa kuma ya tashi lafiya ranar nan.

Lalacewar da ka ce fayil ɗinka na yi, ga dalilinta. A tsarin da kake kai yanzu, kowace kwamfuta cikin biyar ɗin buɗe fayil ɗin take yi kai tsaye ta waya tana rubutu a ciki da hannunta. Waya ta girgiza ko ɗaya ta mutu a tsakiyar rubutu, an bar fayil a buɗe da rabin magana. Ga kuma iyakar GB 2 da Access ke da ita, wadda ka ce kun kusa. Da uwar garke kuwa (server, wato inji guda mai riƙe rumbun), shiri ɗaya ne kaɗai ke taɓa fayil ɗin, sauran aika masa saƙo suke yi ta ƙofa mai lamba 3050 ya amsa musu. A gaskiya wannan maganin Firebird da Express dukansu suna da shi. Bambancin shi ne Firebird zai ba ka shi a kan injin da kake da shi yau, kuma lasisinsa bai sa maka iyakar girman rumbu ko yawan masu shiga ba.

Wani a nan zai ce ai uwar garke kaɗai ke buƙatar 64-bit, sauran huɗun su ci gaba da zamansu. Gaskiya ne, kuma da kana da kuɗin sabon inji ko da guda ɗaya da lissafin ya canza. Ni a wannan halin ma wani rumbun, PostgreSQL, zan ce ka duba, domin masu iya shi sun fi yawa. Amma shi ma a Windows na 32-bit ya tsaya ne a bugu na 10, wanda wa'adinsa ya ƙare a 2022. SQLite kuma, wanda na ga an ambata maka, ina ƙaunarsa matuƙa idan kwamfuta ɗaya ce. A foldar da aka raba wa mutum biyar, ciwon da kake gudu ne zai dawo, kuma masu yin sa da kansu sun yi gargaɗi a kan haka.

Kada in ɓoye maka wahalar ƙaurar, don akwai ta, kuma a nan ne Express ya fi sauƙi. Access ba ya bambanta manyan haruffa da ƙanana wajen bincike, Firebird yana bambantawa. In ba ka kula ba, ma'aikaci zai nemi suna da ƙaramin harafi a ce masa babu, alhali yana nan. Maganinsa ka ƙirƙiri rumbun da UTF8, ka sa UNICODE_CI, tsarin da ba ya bambanta manyan haruffa da ƙanana, a ginshiƙan sunaye tun daga farko. Ni sai da na sake gina tebur huɗu kafin na gane haka. Sunan tebur ko ginshiƙi a bugu na 3 ba ya wuce harafi 31, waɗanda ke da sarari a tsakiya kuma gara ka canza musu suna da ka yi ta rufe su da alamar zance. Kwanan wata da aka rubuta tsakanin alamun # dole a gyara. Access yana ajiye "e" a matsayin -1, don haka duk inda tsohon rubutun ya dogara da wannan lambar sai ka bi shi. Kuɗi ka sa su a NUMERIC(18,4), kada ka yarda su shiga ginshiƙin lamba mai yawo (float), in ba haka ba jimillar wata za ta riƙa saɓawa da ɗan abin da zai hana ka barci.

Ba sai ka rushe manhajar ba. Ka bar fayil ɗin Access a matsayin ɓawo a kowace kwamfuta, ka cire teburan cikinsa, ka maye su da teburan da aka haɗa da Firebird ta ODBC, wato direban da ke haɗa manhaja da rumbu. Direban ya zama na 32-bit, tunda manhajar VB6 haka take. Kowane tebur ya samu mabuɗi na asali (primary key), in ba haka ba za a iya karantawa amma ba za a iya gyarawa ba. Abin da zai fi ba ka aiki shi ne wuraren da aka yi amfani da Seek, umarnin neman layi a tebur, don ba ya aiki a kan teburan da aka haɗa, da kuma fom ɗin da ke buɗe tebur gaba ɗaya don neman layi guda. Irin waɗannan ka mayar da su tambayar SQL mai WHERE. Ka fara da fom ɗin da aka fi amfani da shi, sauran su biyo a hankali.

Yana da ladubbansa. Ranar da ka girka shi ka tabbatar kalmar sirrin SYSDBA, wato asusun mai gida na Firebird, ba masterkey ba ce, don duk wanda ya taɓa jin sunan Firebird ya san ta. Kada ka kashe rubutun tilas na faifai (forced writes) don neman sauri, shi ne ya cece ni ranar da wuta ta ɗauke. Kada ka kwafi fayil ɗin rumbun (.fdb) da hannu alhali uwar garke na aiki. Yi amfani da gbak, shirin da ke zuwa tare da Firebird, yana ɗaukar kwafin ajiya ko mutane na kan aiki, ka sa shi ya riƙa tashi kowane dare ya ajiye a wani faifai daban, kuma duk wata ka mayar da kwafi ɗaya a wani inji ka gani da idonka cewa yana buɗuwa. Manhajar kuma kada ta buɗe aiki (transaction) da safe ta bar shi a buɗe har yamma, domin tsofaffin layukan nan da na ce yana ajiyewa za su taru rumbun ya yi nauyi. Rauninsa na gaske shi ne masu saninsa ba su kai na sauran yawa ba. Don haka ka rubuta shafi guda, inda rumbun yake, yadda ake kwafi, yadda ake mayarwa, ka bar wa wanda zai gaje ka. Manhajojin FlameRobin ko DBeaver sun ishe ka leƙa cikin rumbun.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa, don ni an taɓa cuta ta. Kafin in koma Firebird, wani mai sayar da manhaja ya zo mana da abin da ya kira cikakken magani, na sa baki aka saya. Ashe rumbun nasa a kulle yake, ba ya buɗuwa sai da wata 'yar na'ura da ake soka wa kwamfuta, kuma babu hanyar fitar da bayanai. Da muka ce za mu bar shi, sai ya ce sai an sake biya kafin ya ba mu bayananmu na wata takwas. Da hannu muka sake buga su daga takardu. Duk wanda ya zo maka da tayin yi maka wannan aiki, ka tambaye shi sunan rumbun da zai sa, ka ce a rubuta a yarjejeniya cewa kalmar sirrin mai gida taka ce, rubutun manhajar naka ne, kuma ya nuna maka a gabanka yadda ake fitar da kowane tebur zuwa CSV. In ya fara kame-kame, sallame shi. Akwai masu karɓar kuɗin lasisi a kan Firebird ko Express, alhali dukansu kyauta ake sauke su daga shafin masu su. Akwai kuma masu kawo babban bugun SQL Server na sata a filasha su ce sun yi maka rangwame, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, ga shi a kan lissafin kasuwancinka zai zauna. Masu sayar da tsohon inji su ce sabo fil, ka buɗe CrystalDiskInfo a gabansu ka duba awannin da faifan ya yi yana aiki.

In akwai ɗan abin kashewa, ka saya wa injin da zai riƙe rumbun faifan SSD ƙarami na kirki da na'urar riƙe wuta mai sabon batir. Sun fi ƙarin RAM amfani a nan, tunda Windows na 32-bit ko GB 4 ba ya gani cikakke. Windows 7 kuma tun Janairun 2020 aka daina yi masa gyara, saboda haka wannan injin kada ya taɓa intanet, kada kuma kowa ya soka masa filasha. Ka yi ƙaurar a kan kwafin fayil ɗin, ka bar tsohon da sabon su yi tafiya tare mako biyu, kowace yamma ka gwada jimillar kaya da ta kuɗi a dukansu. Ranar da suka yi kwana goma a jere ba su saɓa ba, ka rufe tsohon. In ka maƙale a wajen Seek, turo mini sunayen teburan da fom ɗin da ke ba ka wuya mu duba tare.