An sayar mini da sabuwar keris da sunan ta zamanin Majapahit

Na daɗe ina tara takubba da wuƙaƙe, galibi na Buzaye daga Agadas. Bara na ga wata keris, wuƙar gargajiya ta mutanen Java, a shafin wani dillali a Indonesiya, ya rubuta cewa ƙirar zamanin Majapahit ce, daular Java da aka kafa a 1293. Kuɗin sun kai na ragon layya biyu, amma na biya.

Ranar da ta iso na ji daɗi sosai. Kuben itace ne mai kyau, ruwan wuƙar yana da lanƙwasa 13, kuma daidai ne, don lanƙwasar keris ba ta zuwa da adadin da ya rabu biyu. Zanen da suke kira pamor, wanda ke fitowa idan maƙeri ya ninka ƙarfe da mai nikel, ya fito fari tas a kan baƙi. Sati guda ina nuna wa duk wanda ya shigo gidana.

Sai na tura hotuna da bidiyo ga wani dattijo a birnin Solo na Java da ke duba irin waɗannan wuƙaƙe. Ya sa na zare ƙotar na nuna masa pesi, wato ƙarfen da ke shiga cikinta. Nan take ya ce sabuwa ce. Cin tsatsar iri ɗaya ne daga sama har ƙasa, alamar an tsoma ta a ruwan asid don ta tsufa. A ganinsa aikin tsibirin Madura ne, irin wanda suke kira kamardikan, wato ƙirar bayan samun 'yancin Indonesiya a 1945.

Ban ga laifin maƙerin ba. A yankin Sumenep na Madura har yau ana ƙera keris masu kyau, kuma da an ce mini sabuwa ce zan saya da farin ciki a kuɗinta na gaskiya. Har na fara haƙura.

Amma da na yi wa dillalin magana, cewa ya yi tangguh, wato faɗin zamanin da aka ƙera keris, ai ƙiyasi ne kawai, kowa da ganinsa. To me ya sa ya haɗo mini da takardar shaida mai hatimi da ta ce Majapahit ƙarara? Ya ƙi karɓar kayan, daga baya ya daina amsa saƙona. Har na riga na yi cinikin wata badik, wuƙar ƙabilar Bugis ta Indonesiya, a wurinsa, na fasa.