Ikwalaiza ta analog ko na'urar DSP: wacce za ku saya wa masallaci?

Malam, ka ce lasifikar masallacinku a unguwar Nima ta Accra tana kuwwa da zarar liman ya matso makirfo, ga gurnani ƙasa-ƙasa, mutanen waje kuma suna jin huɗuba sau biyu. Tambayarka ita ce ikwalaiza (na'urar ƙara ko rage kauri da sirintar sauti) irin ta da za ku saya ko DSP (na'urar gyaran sauti ta dijital).

Ikwalaiza ta analog tana gyara sauti yadda ya taho a waya. DSP kuwa sai ta mayar da shi lambobi tukuna: tana auna wutar da makirfo ya aiko sau 48,000 a daƙiƙa, ta yi lissafi, sannan ta mayar da shi sauti. Ƙa'idar Nyquist ta ce yawan awon ya zarce ninki biyu na mafi siririn sautin da ake so. Kunnen mutum bai wuce 20,000 Hz ba (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa), saboda haka awon ya wadatar. Irin wannan lissafi ne ke tace murya a wayarka ta hannu.

A kan kuwwa, DSP ta yi gaba nesa. Ikwalaiza mai maɓalli 31 yankanta da faɗi yake. In ka sauke maɓallin 2,500 Hz, tun daga wajen 2,200 har 2,800 duk zai ragu, kuma a wannan yanki ne haruffa ke fita tar. Kuwwa ta tafi, ƙira'a ta dushe. DSP tana cire ɗan siririn wurin da ke kuwwar kaɗai, muryar liman na nan yadda take.

Jin magana sau biyu kuwa, ikwalaiza ba ta da maganinsa. A zafin Accra sauti yana tafiyar kusan mita 350 a daƙiƙa. Idan lasifikar waje tana mita 30 daga ta ciki, muryar ciki tana riskar na waje a makare. Sai a umarci DSP ta jinkirta ta wajen da milisakan 86 (milisakan ɗaya bisa dubu ne na daƙiƙa), su iso tare. Ku auna nisan da tef, kada ku ƙiyasta.

Gurnanin nan fa, ba sayen na'ura ne zai kashe shi ba. Wutar Ghana 50 Hz ce, ita kuke ji, da 'ya'yanta 100 da 150. Yawanci mikisa da amfilifaya ne aka jona a soket daban-daban, ko doguwar waya marar kariya. Ku haɗa su a soket ɗaya, ku sa waya mai kan XLR, wato mai ƙafa uku irin ta makirfo. Don Allah kada wani ya cire ƙafar at ta filogi, wadda ke kai wuta ƙasa, rai ake karewa da ita.

Analog ma tana da nata. Ladan zai iya sarrafa ta da ido, kuma masu gyara a Zongo Lane sun san cikinta. DSP in aka cika mata sauti ya wuce iyaka, tsagewa yake yi mummuna, don haka a bar masa sarari tun daga mikisa. Tana son sitabilaiza saboda dumsor, wato yawan ɗauke wuta, a kuma adana saitin. Amma ana kulle ta da lambar sirri, yara ba sa taɓawa.

Mu dai shawararmu, ku gyara wayoyi tukuna. In lasifikarku ta ciki ce kaɗai, ikwalaiza ta isa. Tunda kuna da ta waje, DSP mai mashiga 2 da mafita 4 za ku nema, tare da wanda zai saita ta ranar da masallaci ya cika, domin cikakken ɗaki da wofi ba sa amsa sauti iri ɗaya.