Wasiƙa daga Winnipeg: Kuɗin Kallon Ƙwallon Ƙanƙara

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, ya ƙoƙari, ya kasuwa. Ina fata Hajiya ta samu sauƙin ciwon ƙafar. Mu nan lafiya lau muke, sai dai sanyi, wanda ba a faɗa. A garin nan idan hunturu ya kankama sanyi kan sauka zuwa maki 30 ƙasa da sifili, har mota sai an jona mata wuta ta kwana kafin ta yarda ta tashi da safe.

Ka ce in ba ka labarin abin da mutanen nan suke kallo tunda ba Firimiya ce a gabansu ba, da kuma nawa suke biya. To, abin da ya ɗauke musu hankali shi ne hoki, ƙwallon gora ta kan ƙanƙara. Mutum shida ne kowane ɓangare har da gola, sanye da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Babbar gasar ita ce NHL, ƙungiyoyi 32, bakwai a Kanada sauran a Amurka, kofin kuma sunansa Stanley. Ƙungiyar garinmu ana ce mata Jets. Yadda Bakano ke ji da Pillars haka suke ji da ita, har ma da ɗan ɗori, domin su ba su da wata Arsenal ko Madrid da ke raba musu zuciya.

Gaskiya dai aikinsu akwai tsari, wannan ba zan ɓoye maka ba. Tikitin a wayarka yake, da lambar layi da lambar kujera, kuma ko ka makara kujerarka na nan tana jiranka. Babu turereniya a bakin ƙofa, babu mai cewa a ba shi na goro ya shigar da kai ta baya. Filin a rufe yake da ɗumi, banɗaki tsaf, mai keken guragu da wurinsa, kuma lokacin da aka rubuta a tikiti ba a wuce shi sai da 'yan mintuna. Har doguwar baranda mai rufi suka yi a sama tana haɗa gine-ginen tsakiyar gari, ta yadda za ka bar motarka can nesa ka isa filin sanyi bai taɓa ka ba. Abin da ba zai yi maka daɗi ba shi ne giya a fili ake sayar da ita, na kusa da kai na iya zama da kofinsa, kuma abincin ciki sai ka yi tambaya kafin ka kai baki.

Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan da kuɗinsa. Farko ma farashin da ka gani a rubuce ba shi za ka biya ba. A lardinmu na Manitoba yawancin kaya ana ɗora musu harajin tarayya kashi 5 da na lardi kashi 7 sai ka zo wurin biya, tikiti kuma ga ladan kamfanin da ke sayarwa ta intanet. Babu tayi, babu albarka, babu wanda za ka kalla a ido ka ce ya rage maka. Kwamfuta ce ke yanka farashi, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya: kujerar da ka gani da ɗan sauƙi ranar Talata, idan an zo daren Asabar kuma Toronto ko Montreal ce ta kawo ziyara, sai ta yi tashin ragon layya a jajibirin Sallah. Bayan tikiti ga kuɗin ajiye mota, ga gorar ruwa da ake sayarwa ninkin-ba-ninkin na kanti, ga rigar ƙungiya wadda ta ainihin ta haura dala 200. Mafi ƙarancin albashi a nan an mayar da shi dala 16 a awa a Oktoban 2025. Magidancin da ke kan wannan albashi, idan ya ce zai kai matarsa da yara biyu su zauna a wuri mai kyau, to ladan kwanaki ne zai tafi a dare ɗaya.

Na yi ta tambayar abokan aiki me ya kawo haka, kuma wani ɓangare na amsar akwai hujja. 'Yan wasa da dalar Amurka ake biyansu, alhali ƙungiyoyin Kanada da dalar Kanada suke karɓar kuɗin ƙofa, wadda a 'yan shekarun nan take yawo a wajen santi 70 na ta Amurka. Kai da ke sayo kaya da dala ka sayar da naira ba sai na yi maka bayani ba. Sannan akwai iyakar da gasar ta sa wa kowace ƙungiya na abin da za ta kashe a albashi. Lokacin da aka fara ta a 2005, bayan rikicin da ya cinye kakar wasa guda sukutum, dalar Amurka miliyan 39 ce. A kakar 2025 zuwa 2026 ta kai miliyan 95.5. Kuma hoki ba ta samun kuɗin talabijin irin na manyan wasannin Amurka, don haka aljihun mai shiga fili ne ke ɗaukar kaso mai tsoka.

Sai dai ni ban yarda wannan ne kaɗai dalili ba, kuma Toronto ce shaidata. Ƙungiyarsu, Maple Leafs, rabonta da kofi tun 1967, shekarar da aka fara yaƙin basasa a gida. Wanda aka haifa a wannan shekarar, yau yana da jikoki. Daga 2004 ba su sake tsallake ko zagayen farko na wasannin kifa-ɗaya-ƙwala ba sai 2023. A 2013 suna gaba da Boston ci 4 da 1 a wasan ƙarshe na zagaye, saura kamar minti goma a tashi, aka farke duka aka fitar da su. Duk da haka tikitinsu na cikin mafi tsada a gasar baki ɗaya, ko kujerar can saman da sai ka ƙura ido kafin ka ga faifan da wuya ka same ta ƙasa da dala 100, filin kuma mai cin mutum kusan 19,000 kullum a sayar. So hana ganin laifi. Masu ƙungiyar sun san ko an ci ko ba a ci ba, akwai miliyoyin mutane a yankin da ke layi, to mene ne zai sa su rage? A 2024 kamfanin sadarwa na Rogers ya amince ya biya dalar Kanada biliyan 4.7 don ya saye kason abokin hamayyarsa Bell, kashi 37.5 kacal na kamfanin da ya mallaki Leafs da wasu ƙungiyoyin birnin. Sunan filin ma haya ake ba da shi: bankin Scotiabank ya ɗauke shi shekara 20 a kan dala miliyan 800. Ba kofi ne ya jawo wannan kuɗi ba, tunda babu shi. Ƙaunar mutane ce aka auna aka sa mata farashi.

Abin takaicin shi ne su masu ƙaunar ba su ne a ciki ba. Kujerun gaba, na bakin gilashi, kamfanoni ne suka saye na shekara suna kai baƙinsu. Idan ka kalli wasan Toronto a talabijin, za ka ga an dawo daga hutu an fara wasa amma layukan gaba wayam, masu su suna can ƙasa suna cin abinci. Masu ihu na gaskiya kuwa suna waje a dandalin da ke gaban filin, a tsaye cikin sanyi, suna kallon majigi. Ka tuna yadda 'yan ganga da kakaki ke cika Sani Abacha tun azahar suna “Sai Masu Gida”? A can Toronto irin waɗannan su ne ba sa iya shiga.

Labarin garinmu daban ne, kuma shi ya fi ba ni sha'awa. Winnipeg ƙaramin birni ne, mutum kamar 750,000, bai kama ƙafar Kano ba. Sun taɓa rasa ƙungiyarsu. A tsakiyar shekarun 1990, da dalar Kanada ta faɗi albashi kuma ya hau, aka ce za a sayar da Jets. Dubban mutane suka yi gangami, yara suka fasa asusunsu suka kawo, amma bai hana ba: a 1996 aka kwashe ƙungiyar zuwa Phoenix, cikin hamadar Amurka inda ƙanƙara sai ta inji. Shekara ɗaya kafin nan haka aka yi wa birnin Quebec, tasu ta koma Denver. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure min kai da na zo. Pillars ta faɗa rukuni na biyu a 2022, muka yi baƙin ciki, ta dawo a 2023, amma ba wanda ya taɓa tunanin za a wayi gari a ce an sayar da ita ta koma Fatakwal. A nan babu faɗawa ƙasa, sai dai ƙungiya kadarar mai ita ce, yana iya naɗe ta ya tafi da ita.

Shekara 15 suka yi babu ƙungiya. A 2011 wasu attajirai, Mark Chipman da David Thomson, suka sayo ta Atlanta suka dawo da ita da tsohon sunan. Aka fitar da tikitin shekara 13,000, da sharaɗin sai ka ɗaure kanka shekara uku zuwa biyar, kuma da aka buɗe wa jama'a abin da ya rage, cikin minti 17 ya ƙare. Shekaru aka yi filin, mai kujeru 15,000 da 'yan kai, ba ya ragin ko ɗaya, dubbai na jerin jira, har kuɗi ake biya don a zauna a jerin. Kowace shekara farashi na ƙaruwa kaɗan-kaɗan, ana biya ba musu.

Sai korona ta zo, tsadar rayuwa ta biyo baya, haya da cefane suka tashi. Mutane ba su yi zanga-zanga ba, ba su ɗaga kwali ba, kawai suka daina sabuntawa. Masu tikitin shekara suka sauko zuwa wajen 9,500. A farkon kakar 2023 akwai daren da 'yan kallo ba su kai 12,000 ba, alhali ƙungiyar na wasa mai kyau. Chipman ya fito a farkon 2024 ya ce tafiya a haka ba za ta ɗore ba, shugaban gasar Gary Bettman ya zo garin da kansa don kwantar da hankali. Wasu suka ji maganar a matsayin barazana, wato ku biya ko a maimaita muku 1996, kuma ta yi musu zafi. Wani dattijo da muke aiki tare, wanda yana cikin masu gangamin farko, ya ce shi bai bar Jets ba, lissafinsa ne ya bar ta. Har gobe da rigarta yake zuwa aiki ranar wasa.

Amma ka ga abin da kujera wayam ta yi wanda ƙorafi bai yi ba. Ƙungiyar ta sassauta sharuɗɗa, ta fito da ƙananan ƙunshi na wasanni kaɗan maimakon kaka guda, ta shiga bin 'yan kasuwar gari su sayi kujeru, aka riƙa buga wa waɗanda suka tafi waya ana tambayarsu me ya kore su. Na tuna abin da muka kalla tare a gidan kallo a 2016, da magoya bayan Liverpool suka fice a minti na 77 saboda tikitin fam 77, masu ƙungiyar suka janye har da ba da haƙuri. Na nan ba su da irin wannan haɗin kai, kowa shi kaɗai ya yanke shawara a teburin gidansa, amma sakamakon ya yi kama. A Toronto kuwa ko mutum dubu sun yi fushi, wasu dubu goma na jiran kujerar. Shi ya sa nake ganin biyayyar da ba ta iya juya baya, mai kaya ne kawai ke cin ribarta.

Kada ka ɗauka son ya ragu. A kakar 2024 zuwa 2025 Jets ce ta fi kowa maki a gasar, golansu Connor Hellebuyck ya zama gwarzon shekara. A wasan ƙarshe da St. Louis cikin watan Mayu, saura ƙasa da daƙiƙa uku a fitar da su suka farke, suka ci a ƙarin lokaci na biyu. Al'adarsu a irin wannan lokaci kowa fari yake sawa, a rufe titunan da ke kewaye da filin a kafa majigi, a shiga da ɗan kuɗi kaɗan. A nan nake kallo ni da yara. Dallas ta fitar da su a zagaye na gaba, kuma kofin bai dawo Kanada ba tun da Montreal ta ɗauka a 1993.

Ko kallo a gida ma ba kyauta ba ne kamar da. Rogers ta sayi haƙƙin nunawa a 2013 a kan dala biliyan 5.2 na shekara 12, ta sabunta a 2025 a kan biliyan 11. Wasannin an rarraba su, wasu a wannan tasha, wasu a waccan, na daren Litinin har Amazon ta karɓa a 2024, kowanne da kuɗin watansa. Gidan kallonmu na unguwa, inda da ɗan canji za ka ga wasa uku a jere har da gardama kyauta, babu irinsa a nan. Mafi kusa da shi mashaya ce, mu kuma ba wurinmu ba ne.

Yaran sun fara kamuwa, musamman babban. A makaranta ya ji labarin Jarome Iginla, tsohon kyaftin ɗin Calgary wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, da Nazem Kadri, Musulmin da ya ci kofin da Colorado a 2022 ya kai shi masallacin garinsu London ta Ontario. Yanzu shi ma sai ya buga. Shiga ƙungiyar yara da kayan kariya kuɗi ne mai yawa, don haka na saya masa takalmi da sanda na hannu, yana zuwa filin unguwa na waje wanda ba a biyan komai. Idan yana son ganin manya, akwai ƙaramar ƙungiyar Jets mai suna Manitoba Moose, a fili ɗaya suke wasa, tikitinsu da sauƙi sosai, kuma wasu daga cikinsu gobe su ne a babbar. Can za mu je ranar Lahadi in Allah ya kai mu.

Rigar da ka ce in aiko wa Abba, zan jira ƙarshen kaka lokacin da kantuna ke karya farashi, sai in ba wani mai zuwa gida. Ka rubuto min nawa ake shiga Sani Abacha yanzu, ɓangaren rana da na rumfa, domin abokan aikina ba su yarda da abin da na gaya musu ba. A gaida Hajiya da kyau, a ce mata maganin na hanya. A gaida Anti da yara, da duk mutanen majalisa.

Naka,
Ƙaninka a Winnipeg