Ina Za A Sha Kafe Na Kirki A Maraɗi?

Da zarar hunturu ya kankama, tsakanin Disamba da Janairu, baƙin da ke sauka wurina tambaya ɗaya suke yi: ina ake samun kafe mai kyau a garin nan? A Maraɗi kafe muke cewa, kofi kuwa shi ne abin zubawa. Amsar da nake ba su ita ce kada su bi allon shago, su bi hanci da ido.

Wuri na farko shi ne teburin mai shayi. Daga unguwar Zariya zuwa ta Ali Ɗan Sofo, daga bakin tasha zuwa kewayen babbar kasuwa, da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ga benci da gwangwanayen madara a jere ba. Kafen da ke nan garin kafe ne na gwangwani, galibi Nescafé. Ba aibi ba ne, amma ka san abin da kake saye: kafe ne da aka riga aka dafa a masana'anta aka busar, mai shayi narkar da shi kawai yake yi. Ƙasarmu ba ta noman kafe. Yawancin wanda ke iso mana daga Kodibuwa yake, irin da ake kira robusta, mai ɗaci, wanda sinadarinsa na hana barci ya kusan ninka na arabika ɗan asalin Habasha. Shi ya sa cokali guda ke wartsakar da ɗan kabu-kabu tun asuba.

To tunda gari ɗaya kowa ke ɗiba, me ya bambanta wannan tebur da wancan? Ruwa da hannu. Tsaya ka kalli tukunyar kafin ka zauna. In ruwan tun safe yake kan wuta ana ta ƙara masa, ko ya sha hayaƙin gawayi, za ka ji a harshe. Dubi inda yake wanke kofuna: bokiti ɗaya da ruwansa ya koma fari, ko kuwa yana ɗauraye kowane kofi da ruwan zafi? Gwangwanin madara a rufe yake, ko ƙuda sun yi masa rawani? Mai shayin unguwarmu, wanda na fi shekara nawa ina zama wurinsa, yakan fara dama garin da ruwa kaɗan har ya yi kauri, sannan ya ɗaga kofi sama yana tsiyayowa cikin wani har kumfa ta taso. Kuma ba ya zuba sukari sai ya tambaya: "Malam, cokali nawa?" Wannan tambayar kaɗai ta ishe ni shaida, domin madarar gwangwani mai kauri da zaƙinta take zuwa, in an ƙara sukari a kai an kashe kafen.

Sai gidajen abinci da otal-otal masu na'urar haɗa kafe. Nan ne za ka iya dacewa da kafe na ƙwaya, ga inuwa, ga natsuwar yin magana da abokin kasuwanci. Kuɗin ya ninka na tebur sau da yawa, don haka ka yi tambaya kafin a kawo: ƙwaya ake niƙawa ko gari ake damawa? Na taɓa biyan kuɗin na na'ura a wani wuri, aka kawo mini na gwangwani cikin ɗan ƙaramin kofi, abin ya ɓata mini rai ƙwarai. Na gaskiya yana da kumfa ja-ja mai kauri a samansa, ƙamshinsa kuma yana riga shi isowa. Ka tuna na'urar da wuta take aiki; in an ɗauke, sai haƙuri.

Masu yawo da shi a falas suna da amfani in kana sauri, amma wanda ya daɗe a ciki yakan yi tsami.

Akwai kuma na gida, wanda 'yan'uwana mata suka fi morewa tunda ba kasafai suke zama a bencin mai shayi ba. A sayi niƙaƙƙen kafe kaɗan, wanda zai ƙare cikin mako biyu ko uku, don zafin garinmu na saurin kashe ƙamshi. A dafa da citta da kanumfari, gahawa ke nan. Mutanen Senegal da kimba suke haɗa nasu, kafe Tuba, kuma kimba ba ta wuya a kasuwarmu. Sai dai wanda barci ke yi wa gardama ya tsaya daga la'asar.

Ni dai in baƙo ya ce in zaɓa masa, bayan sallar asuba nake kai shi teburin unguwa, lokacin da ruwan farko ya tafasa, burodi kuma bai huce ba. Mu ce a sa madara kaɗan, a soya mana ƙwai biyu da albasa.