Kebul ko Kad-rida: Wanne Ya Fi Idan Katin Kyamara Ya Ƙi Buɗewa?

Ɗan'uwa, ka ce bayan ka gama ɗaukar hotunan biki kyamararka ta nuna akwai matsala a kati, kwamfuta kuma ta nemi ka yi masa fomat, wato ka share shi ka sake tsara shi, kana tambaya ko kebul ɗin haɗa kyamara da kwamfuta ya fi ko kad-rida, wato 'yar na'urar da ake sa kati a ciki a jona da kwamfuta, wajen kwashe hotunan. Kafin komai, kada ka yarda da fomat ɗin, kada kuma ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a katin, domin sabo yana iya hawa kan gurbin wanda kake son cetowa. Ka cire shi, ka tura ɗan makullin da ke gefensa ƙasa don kada a rubuta komai a kansa.

Kebul yana da ranarsa. Katin yana zaune a cikin kyamara, ba a yawan cirewa da mayarwa, ƙurar hunturu ba ta samun hanyar shiga ramin. Sai dai dole batirin ya kasance da caji har aikin ya ƙare, kuma wasu kebul ɗin na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai. Babban raunin nasa yana wani wuri dabam: kyamarori da yawa suna magana da kwamfuta ta tsarin PTP, wato kyamarar ce ke nuna fayilolin da ta gane, ba katin kansa kwamfuta take gani ba. Idan jadawalin fayilolin ya lalace, kyamarar ba ta da abin nunawa, manhajojin ceto irin su PhotoRec da Recuva kuma galibi ba sa iya kaiwa ga katin ta wannan hanya.

Kad-rida kuwa yana gabatar da katin kamar filash, shi ya sa manhajar ceto take iya bin sa daga farko har ƙarshe tana tsinto hotunan da sunayensu suka ɓace. Mai USB 3.0 ya fi kyamarar da ta tsaya a USB 2.0 sauri nesa ba kusa ba, abin da mai ɗaukar biki zai ji a jikinsa. Amma a nan ma akwai tarko, kuma mai yiwuwa shi ne ya sa kwamfutarka ta nemi fomat. Katin kyamara na SD iri-iri ne: na asali bai wuce 2GB ba. SDHC da ya fito a 2006 ya kai 32GB. SDXC na 2009 kuma, irin su 64GB da 128GB, yana amfani da tsarin ajiye fayiloli mai suna exFAT. Tsohon kad-rida, ko ramin kati na tsohuwar kwamfuta, idan bai san SDXC ba yana iya ƙin karanta lafiyayyen kati, tsohuwar Windows da ba ta san exFAT ba kuma sai ta nemi fomat. Saboda haka ka duba rubutun da ke jikin katin, ka gwada shi a sabon kad-rida kafin ka yanke masa hukunci.

A halin da kake ciki, kad-rida nake ba ka shawara. Idan katin ya buɗe, ka kwafi jakar DCIM, inda kyamara take ajiye hotuna, gaba ɗayanta, kada ka yi mata "cut" da zai cire ta daga katin, sannan ka buɗe hotunan a kwamfuta ka tabbatar suna lafiya. Idan bai buɗe ba, ka sa manhajar ceto, ka ajiye abin da ta samo a kwamfuta, ba a katin ba. Sai bayan haka za ka yi fomat, kuma a cikin kyamarar za ka yi shi.

Kada ka koma aikin biki da katin sai ka gwada shi da H2testw, manhajar da ke auna ainihin girman kati, domin jabun kati yana nuna girman da ba shi da shi, da zarar ainihin wurin ya cika sai hotunan su fara lalacewa.