Sharhi a kan The Athletic: abin da ta fahimtar da ni game da tafiyar Barkley da Soto

Ina zaune a Bronx cikin birnin New York, kuma kamar yawancin Hausawan da ke nan, na Najeriya da na Nijar da na zangunan Ghana, ƙwallon ƙafar da muka taso da ita ce ta fara kai ni ga The Athletic, domin a can David Ornstein yake fitar da labaran cinikin 'yan wasan Firimiyar Ingila. Wannan jaridar wasanni ta intanet ta fara aiki a birnin Chicago a 2016, kamfanin New York Times ya saye ta a 2022 a kan dala miliyan 550, kuma ana biyan kuɗin karanta ta wata-wata ko shekara-shekara. Abin da ya sa na ci gaba da biya shi ne ƙungiyoyin garin da nake ciki, wato Giants ta ƙwallon Amurka da Yankees ta besbol, waɗanda a cikin shekara guda kowace ta rabu da ɗan wasan da magoya baya suke ƙauna ƙwarai: Giants da Saquon Barkley, Yankees kuma da Juan Soto.

Tsarin jaridar shi ne ta ware wa kowace babbar ƙungiya wakilinta, wanda yake zuwa filin atisaye, ya halarci taron manema labarai, ya bi ƙungiyar duk inda ta je wasa. Dan Duggan ne yake bibiyar Giants, shi kuma Ken Rosenthal yana rubutu a kan harkar besbol baki ɗaya. A manhajar waya mutum yana zaɓar ƙungiyoyinsa, sai labaransu su riƙa zuwa masa a gaba. Yawanci a jirgi mai lamba 4 nake karantawa da safe, wanda yake bi ta gefen filin Yankees a titi na 161, kuma rubutu guda yakan ishe ni har mu shiga Manhattan, domin suna tsawaita bayani, ba su tsayawa a kan sakamakon wasa kawai.

Babban abin da na ƙaru da shi shi ne sanin yadda kuɗi yake ɗaure hannun masu yanke hukunci, kuma dokar wasannin biyu ba ɗaya ba ce. A gasar NFL ta ƙwallon Amurka akwai iyakar albashi da babu ƙungiyar da take da ikon ƙetarewa, wadda a kakar 2024 ta kai dala miliyan 255.4 ga kowace ƙungiya, don haka duk dalar da aka ba ɗan wasa ɗaya an hana wani ne. Ko an sallami mutum, kuɗin sa hannun da aka riga aka ba shi yana ci gaba da cin wuri a lissafin. A besbol kuwa babu irin wannan iyaka, haraji ne ake ɗora wa duk wanda ya wuce wani mataki, dala miliyan 241 a 2025, kuma harajin yana ƙaruwa idan ƙungiya ta maimaita wucewa, har ya kai kashi 110 cikin ɗari a mataki mafi sama. Wanda bai riƙe wannan bambanci ba zai riƙa yi wa Giants da Yankees hukunci iri ɗaya, alhali ɗaya tana raba abin da aka ƙayyade mata ne, ɗayar kuma tana auna zurfin aljihun mai ita.

Da wannan ma'auni na duba maganar Saquon Barkley, kuma har yau ra'ayina shi ne Giants ba ta kyauta ba. Ita ce ta ɗauke shi a matsayi na biyu a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2018, a matsayin mai ɗaukar ƙwallo ya kutsa da gudu, sannan a 2019 ta ɗauki Daniel Jones a matsayi na shida domin ya zama kwatabak, wato mai rarraba ƙwallo. Bayan kakar 2022, lokacin da ƙungiyar ta kai wasannin sili-ɗaya-ƙwale har ta je gidan Minnesota ta doke ta, kwantiragin su biyun ya ƙare a lokaci guda. A watan Maris na 2023 aka ba Jones shekara huɗu a kan dala miliyan 160, fiye da miliyan 80 daga ciki tabbatattu ne ko ya yi wasa ko bai yi ba, shi kuwa Barkley aka riƙe shi da yarjejeniyar shekara guda ta kusan miliyan 10. Jones ya ji rauni a gwiwa a watan Nuwamba na wannan shekara, nauyin albashinsa kuma ya ci gaba da danne ƙungiyar. Da Maris na 2024 ya zo, Barkley ya koma Philadelphia Eagles, abokiyar hamayyarmu ta rukuni ɗaya, a kan shekara uku da dala miliyan 37.75.

Hujjar manajan ƙungiyar, Joe Schoen, sananniya ce a wannan wasa: mai kutsawa da ƙwallo jikinsa yana saurin lalacewa, ana iya samun madadinsa da araha, kuma ya fi kyau a zuba kuɗi a kan masu kare kwatabak da masu kai masa farmaki. A kan haka ne aka kawo Brian Burns daga Carolina da kwantiragin dala miliyan 141. Jaridar ta shimfiɗa wannan hujja yadda ya kamata, kuma na yarda cewa a takarda tana da ƙarfi. Sai dai abin da ya biyo baya kowa ya gani. A watan Oktoba Barkley ya dawo filin MetLife, gidan Giants, cikin rigar Eagles ya yi mana gudun yadi 176, aka tashi 28 da 3. Ya gama kakar da yadi 2,005, ƙungiyarsa ta ɗauki kofin Super Bowl a Fabrairun 2025, ita kuwa Giants ta sallami Jones a Nuwamba, ta ƙare da nasara 3 da rashin nasara 14. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo mai kanti a unguwarmu ya ce mini, "Malam, ai sun sayar da saniya mai nono ne suka riƙe wadda ba ta tashi." Na ce masa, "Alhaji, cinikin tun a 2023 aka yi shi, bara dai aka zo ɗaukar kaya." A ganina tushen ɓarnar yana cikin kwantiragin Jones, kuma tun daga ranar da aka sa hannu a kansa riƙe Barkley ya zama abu mai wuya.

Maganar Juan Soto daban ce, ko da yake zafinta a Bronx bai gaza na Barkley ba. Yankees ta karɓo shi daga San Diego a Disamban 2023, ta ba da 'yan wasa biyar, ciki har da mai jifa Michael King, tana sane da cewa shekara guda ce ta rage masa a kwantiragi. Ya buga ƙwallo 41 da suka ƙetare katanga, ya taimaka wa kyaftin ɗin Yankees, Aaron Judge, suka kai ƙungiyar wasan ƙarshe na World Series karo na farko tun 2009. A Disamban 2024 ya tsallaka zuwa Mets da ke Queens a kan shekara 15 da dala miliyan 765, bayan Yankees ta yi masa tayin miliyan 760 na shekara 16. Wanda ya kai tayinsa wannan mataki ba za a ce ya yi rowa ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda marubutan suka riƙa mayar da mai karatu ga wasa na biyar na wannan World Series da ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles, inda Yankees tana gaba da ci 5 da nema, sai kurakuran tsaron fili a zagaye na biyar suka rushe komai, aka tashi 7 da 6, Dodgers ta ɗauki kofin. Ƙungiyar tana da giɓin da bugun Soto ba zai cike ba.

Kuɗin da ba a kashe a kansa ba an karkatar da su ga Max Fried, mai jifa da hagu, a kan shekara takwas da dala miliyan 218, aka kuma kawo masu bugu Cody Bellinger da Paul Goldschmidt. Da babban mai jifan Yankees, Gerrit Cole, ya yi tiyatar gwiwar hannu a Maris na 2025 ya rasa kakar gaba ɗaya, Fried ne ya ɗauki nauyin, ya ci wasa 19. Yankees ta yi nasara 94, Toronto ta fitar da ita a zagaye na biyu na sili-ɗaya-ƙwale, Mets kuwa duk da bajintar Soto ba ta ma shiga sili-ɗaya-ƙwale ba. Na yi kewar ganinsa a filinmu, amma ban ga laifin masu ƙungiyar a wannan ba.

Wanda zai biya kuɗin wannan jarida ya sani cewa da Turanci take, kuma marubutan besbol suna yawan amfani da alƙaluman ƙididdiga, saboda haka sabon shiga zai buƙaci haƙuri kafin ya saba. Ba ta nuna wasa kai tsaye, kuma mai neman sakamako kawai zai same shi kyauta a wasu wurare. Ta fi dacewa da mai son sanin dalilin da ya sa aka saki wane aka riƙe wane. Ni dai na sabunta rajistata, musamman domin Giants ta ɗauki sabon kwatabak, Jaxson Dart, a zaɓen 2025, kuma muddin yana kan albashin sabon shiga ƙungiyar tana da sararin kuɗin da za ta gina masa abokan wasa, ina kuma son in bi yadda za a kashe shi.