Tsattsewar Turai ko ta gida: wacce ce a zaurenku?

Malam, ka tambaya ko tsattsewar da ta yi sheƙa a zaurenku na Tudun Wadar Zariya ita ce mai zuwa daga Turai. Ba ita ba ce, kuma sheƙar ce shaida.

Ta Turai ba ta yin ƙwai a ƙasar nan. A can take hayayyafa, cikin ɗakunan dabbobi na manoman Ingila da Jamus da maƙwabtansu. Kafin sanyi ya kama sai ta ƙetaro Sahara, tsuntsuwar da nauyinta kamar giram 20 ne kawai! Zariya zango ce kawai a wurinta: Satumba da Oktoba ta yi kudu, Maris da Afrilu ta juyo. Ɗimbinsu a dogayen ciyayin Boje ta Jihar Kuros Riba suke kwana. Wadda ka ga tana jidar laka a baki da damina kuwa ta gida ce, ita ce masana suka laƙaba wa sunan Habasha.

In sun jeru a kan wayar lantarki, ƙirji za ka duba. Duka biyun baya baƙi mai sheƙin shuɗi kamar rinin baba, goshi ja-ja, ciki fari. Amma ta Turai maƙogwaronta ja ne kamar tofin goro, ƙarƙashinsa baƙar sarƙa ta ratsa ƙirji ba yankewa. Ta gida maƙogwaronta fari-fari, sarƙar ta tsinke a tsakiya, sai tabo dama da hagu. Ta kuma fi ƙanƙanta, wutsiyarta gajera, ta Turai kuwa tsinke biyu ne zara-zara.

Kada dai ka dogara da wutsiya. Na taɓa shafe wata safiyar Oktoba a bakin dam ɗin Kubanni ina kallon wasu masu gajeriyar wutsiya da koɗaɗɗen maƙogwaro, na ɗauka na gida ne. Sai da ɗaya ta juyo na ga sarƙar a haɗe, ashe 'ya'yan bana ne na ta Turai.

Baƙar nan mai farin ƙugu da ke cika ƙarƙashin gada da kukanta, dangi daban ce, ba ta ma sauka kan waya.

Don Allah a bar sheƙar. Kwanci kamar mako 2 ne, renon 'ya'ya kamar mako 3. In kashin ne ya dami mutanen gida, a shimfiɗa kwali a ƙasa.